Katin rigakafin shawara ba tare da allura ba: amsa ga mai shirin tafiya Kumasi

Wani ɗan’uwa ya aiko da wannan tambaya, na taƙaita ta kamar haka:

“Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekaruna 41. Ƙanin mahaifina da ke zaune a zangon Kumasi zai aurar da ’yarsa nan da mako uku, mun kuma shirya tafiya ta mota, ni da mahaifiyata mai shekara 67, da maiɗakina wadda take goyon jaririya ’yar wata biyar, da ɗanmu mai shekara huɗu. An ce ba za a bar mu mu ƙetare iyaka ba sai da katin rigakafin shawara. Wani mai yi wa matafiya hidimar takardu ya ce in ba shi kuɗi da fasfo ɗinmu, zai kawo mana katunan da hatiminsu ba tare da an yi wa kowa allura ba. Hajiya ta fi son haka, domin ta ce ta taɓa yin shawara tana budurwa, aka jiƙa mata saiwar rawaya ta warke, ga shi kuma tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Maiɗakina tana tsoron kada allurar ta taɓa nononta ko ta hana ta haihuwa. Ni kaina ban tuna ko an taɓa yi mini ba. Zuciyata ba ta kwanta da sayen katin ba, amma ba na so in saɓa wa mahaifiyata. Mene ne abin yi?”

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sanya alheri a auren, Ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Rashin kwanciyar da zuciyarka ta yi yana kan hanya, kuma amsata ta farko ita ce kada ka sayi katin nan, kada kuma ka miƙa wa mutumin fasfo ɗinku. Sai dai ba zan ce maka ku ɗunguma gaba ɗaya a yi muku allura ba, domin mutum biyar ka lissafa, kuma hukuncin kowane ɗayanku dabam ne. Akwai wanda ya kamata a yi wa cikin wannan makon, akwai wadda sai likita ya duba ta tukuna, akwai kuma wadda bai halatta a yi mata ba sam a yanzu. Mai sayar da kati bai tambaye ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ba su ne damuwarsa ba.

Bari in fara da maganar Hajiya, tunda a kanta sauran suka rataya. A Hausa, duk ciwon da ya sa ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, shawara muke ce masa, alhali cututtuka da yawa ne suke kawo wannan alama. Ciwon hanta iri-iri yana kawo ta, zazzaɓin cizon sauro idan ya yi tsanani yana kawo ta, masu sikila suna yawan yin ta, tsakuwar matsarmama tana kawo ta, jarirai ma sukan yi ta a kwanakin farko na haihuwa. Zazzaɓin shawara da ake yi wa wannan rigakafi cuta ce guda daga ciki, kuma tana cikin mafiya haɗari. Gaskiya ne cewa wanda ya taɓa kamuwa da ita ya tashi ba ya sake kamuwa har ƙarshen rayuwarsa, to amma babu yadda za a yi a yau a san wace ce Hajiya ta yi shekara hamsin da suka wuce ba a gwada jini ba. Mafi yawan shawarar da ake yi a ƙuruciya a warke a gida ciwon hanta ne na ɗan lokaci, wanda yakan lafa da kansa ko an sha jiƙo ko ba a sha ba, kuma wannan ba ya kare mutum daga zazzaɓin shawara ko kaɗan. Tunda ma maganar ta taso, ina ba ka shawara ka roƙi likita ya yi mata gwajin ciwon hanta nau’in B, saboda shi yakan ɓuya a jiki shekaru masu yawa yana ɓarna ba a sani ba.

Zazzaɓin shawara ƙwayar cuta ce da sauro ke ɗaukowa daga jinin biri ko na mutum ya sa wa wani. Sauron kuma ba irin na maleriya ba ne da ke jiran dare. Wannan baƙi ne ƙarami, mai ɗigon fari a jiki da zane-zanen fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la’asar. Ba ya buƙatar kududdufi ko kwata kafin ya hayayyafa. Ka leƙa randar da aka bari ba murfi kwana biyar, ko tsohuwar tayar mota da ruwan sama ya kwanta a ciki, ko gwangwanin da aka yar a bayan ɗaki, za ka ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, suna nutsewa da zarar inuwarka ta faɗa kan ruwan. Su ne ’ya’yansa. Shi ya sa gidan sauro, duk da amfaninsa, ba ya wadatarwa a kan wannan cuta.

Bayan cizo da kwana uku zuwa shida sai zazzaɓi ya sauko, da ciwon kai, da ciwon baya mai tsanani, da kasala, da tashin zuciya, abin da kowa zai ɗauka maleriya ce ya nufi kemis. Yawancin mutane sukan warware bayan kwana uku ko huɗu, wasu ma ba sa sanin sun yi. Amma kusan mutum ɗaya a cikin bakwai na waɗanda suka kwanta, bayan ya ji sauƙi na yini guda har ’yan gida sun fara yi masa barka, sai zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, ido ya yi rawaya, hanta da ƙoda su fara gazawa, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi, ya riƙa amai baƙi saboda jinin da ke zuba a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin waɗanda suka kai wannan mataki sukan rasu cikin kwana bakwai zuwa goma. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Abin da asibiti ke iya yi shi ne ƙarin ruwa, da ƙarin jini, da tallafa wa jiki har ya yi nasara ko ya kasa. Cutar da ba ta da magani amma tana da rigakafin da ake yi sau ɗaya tak, ka ga ba a wurinta ya kamata mutum ya nemi gajeriyar hanya ba.

Kada kuma ka ɗauka cutar ta mutanen Gana ce. Nijeriya kanta tana cikin ƙasashen da cutar ke zaune a cikinsu. An yi mummunar annobarta a yankin Jos a 1969, an yi wata a Oju ta jihar Binuwai a 1986. Bayan ta yi shekaru kamar ta lafa, sai ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Ifelodun ta jihar Kwara a watan Satumba na 2017. A 2019 ta tashi a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, inda aka danganta ta da dajin Yankari, har wasu ɗalibai da suka je yawon buɗe ido daga jihar Barno suka kamu, wasunsu suka riga mu gidan gaskiya. A ƙarshen 2020 ta kashe mutane a jihohin Delta da Inugu da Bauchi. A Gana kuwa, a ƙarshen 2021 ta ɓarke a yankin Gonja da ke arewacin ƙasar, ta kashe fiye da mutum talatin, mafi yawansu makiyaya ne waɗanda ba a taɓa yi wa rigakafi ba. Saboda haka ko da an fasa bikin nan, allurar tana nan a matsayin abin da kake buƙata kana zaune a Kano.

Hanyar da za ku bi, idan ta Legas ce, iyaka uku za ku ƙetare: ta Seme zuwa Jamhuriyar Binin, sannan ta shiga Togo, sannan ta Aflawo zuwa Gana, kuma dukan ƙasashen nan uku suna neman shaidar rigakafin daga duk matafiyin da ya kai wata tara da haihuwa. Na san za a ce maka ba kullum ake dubawa ba, kuma akan daidaita da jami’i idan an tsare mutum. Wannan duk zancen wuce shinge ne, kuma ba shi ne abin da ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne tun daga ranar 11 ga Yuli, 2016, dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta mayar da katin nan na har abada, ba a sabunta shi bayan shekara goma kamar da, saboda bincike ya nuna allura ɗaya tana kare mutum tsawon rayuwarsa. To wanda ya sayi katin ƙarya ya sayi ƙaryar da za ta bi shi har tsufa, domin babu ranar da wani zai sake ce masa ya zo a yi masa. Ɗanka mai shekara huɗu zai girma yana riƙe da takardar da ke cewa an kare shi, shi ma ya yarda da hakan, alhali jikinsa a buɗe yake. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, ɗayanku ya dawo da zazzaɓi, likita ya tambaya ko an yi masa rigakafin shawara aka nuna masa kati, zai cire wannan cuta daga lissafinsa ya bi wata hanya, a daidai kwanakin da ake buƙatar a gane ta da wuri.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Asalin dalilin kafa dokar katin shi ne kada matafiyi ya ɗauki cutar a jininsa ya kai ta garin da sauron yake amma cutar ba ta je ba. Lokacin annobar Angola da ta fara a Luwanda a ƙarshen 2015, matafiya sun kai ta Kwango da Kenya, kuma ma’aikata goma sha ɗaya ’yan Sin sun koma ƙasarsu da ita. Wannan ne ya sa Saudiyya take neman katin daga maniyyatanmu, Indiya kuma, inda mutanenmu ke yawan zuwa neman magani, takan killace wanda ya zo ba shi da sahihin kati har kwana shida. Kai ɗan kasuwa ne, ka san matsayin algus a addini, ka kuma san umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan annoba ta sauka a wata ƙasa kada a shige ta, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Katin rigakafi wata hanya ce da ta ba mutane damar yin zirga-zirgarsu ba tare da sun saɓa wa manufar wannan umarni ba, kuma hatimin da ke kansa shaida ce, wanda ya saye shi ya nemi a yi masa shaidar zur.

Yanzu sai mu ɗauke ku ɗaya bayan ɗaya. Kai dai lamarinka mai sauƙi ne. An yi gangamin wannan rigakafi a jihohi da dama ga masu wata tara zuwa shekara 44, mai yiwuwa an yi maka a lokacin, amma tunda ba ka tuna ba kuma ba ka da shaida, a sake yi maka, maimaitawa ba ta cutar da mai lafiya. Abin da kawai za a tambaye ka shi ne ko cin ƙwai yana sa maka kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, domin a cikin ƙwan kaza ake renon rigakafin, da ko kana da wata larura ko kana shan wani magani da ke raunana garkuwar jiki, kamar ciwon daji da ake yi wa magani, ko cuta mai karya garkuwar jiki da ta yi nisa, ko ciwon wata halitta da ke bayan ƙashin ƙirji da likitoci ke kira taimos. Ka amsa da gaskiya. Ka kuma lura da lokaci: katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, domin a cikin kwanakin nan ne jiki ke gina kariyarsa. Mako uku ya ishe ka, amma da sharaɗin ka je cikin wannan makon.

Hanyar samun na gaskiya ba ta da wahalar da ake faɗa. Tun 2019 Ma’aikatar Lafiya ta Tarayya ta koma katin zamani mai lambar da ake iya tantancewa da waya. Za ka yi rajista a shafin ma’aikatar na intanet da lambar fasfo ɗinka, ka biya kuɗin ta hanyar biyan kuɗin gwamnati, ka buga rasit, sannan ka kai shi tare da fasfo ofishin kiwon lafiya na mashigar ƙasa, irin wanda ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Na yi shekaru ina aikin rigakafi, don haka bari in gaya maka abin da ya kamata idonka ya gani. Za a ciro ’yar kwalba daga akwatin sanyi, a cikinta akwai busasshen gari, a zuƙo ruwan haɗinsa daga wata kwalbar dabam a zuba, a juya a hankali har ya narke. Za a ɓare sabon sirinji a gabanka, a ɗebi rabin mililita, a yi maka a dantse. Kwalba ɗaya takan ɗauki mutane da yawa, kuma da zarar an haɗa ta ba ta wuce awa shida sai a zubar da ragowar, shi ya sa wani lokaci akan ce a ɗan jira mutane su taru, kada ka ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. A kan katin za a rubuta kwanan wata, da sunan kamfanin da ya yi rigakafin, da lambar rukunin kwalbar, a sa hannu, a buga hatimi. Ka duba ka tabbata sunanka ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, ka zauna kamar rabin awa kafin ka tafi.

Ɗanka mai shekara huɗu mai yiwuwa ya riga ku duka samun kariya. Tun 2004 aka shigar da wannan rigakafi cikin alluran yara na yau da kullum a Nijeriya, ana yin sa a wata tara, rana ɗaya da na ƙyanda. Ka ce wa mahaifiyarsa ta ɗauko katin rigakafinsa na asibiti, ku duba layin wata tara. Idan an cike gurbin shawara da kwanan wata, ku tafi da katin ofishin ku nuna, su za su gaya muku yadda za a mayar da bayanin kan katin tafiya. Idan gurbin a buɗe yake, ko katin ya ɓata, a yi masa tare da kai.

Jaririyar ita ce ba a yi wa. Ƙasa da wata shida haramun ne a likitance, domin rigakafin ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kuma a wannan shekarun tana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Tsakanin wata shida da tara ma sai idan annoba ta ɓarke a inda yaron yake. Wannan kuma shi ya shafi mahaifiyarta. Tsoron da maiɗakinka take yi game da nono yana da tushe, ka gaya mata haka, domin an samu ’yan lokuta ƙalilan, a Barazil da Kanada, inda uwa mai shayarwa ta karɓi allurar, ƙwayar rigakafin ta bi ta nono ta sa wa ƙaramin jariri ciwo. Saboda haka ƙa’ida ita ce mai shayar da jaririn da bai kai wata tara ba ta jinkirta, sai fa idan akwai annoba ko tafiyar da ba makawa, a nan likita zai auna. Biki kuwa, duk girman zumunci, ba ya cikin tafiyar da ba makawa. Ra’ayina shi ne ita da jaririyar su zauna a gida, ku kai gudummawarta da gaisuwarta. Ko an ajiye maganar shawara gefe, kwana biyu ko uku a mota da ’yar wata biyar, ana kwana a tasha cikin sauro, ba abin da zan so wa ’yata ba ne. Idan kuma ta tuna an yi mata allurar a wani gangami kafin ta samu ciki, to ita ta tsira, amma jaririyar tana nan ba kariya, don haka shawarar zama ba ta canja ba.

Maganar hana haihuwa kuwa ba ta da tushe, ko da yake ban ga laifin wanda ya yi tambayar ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin da aka yi a kan yaransu a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma wannan rigakafi ba baƙo ba ne, tarihinsa ma daga ƙasar da za ku je ya faro. A 1927 masu bincike da ke da cibiya a Yaba ta Legas suka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar da ake kira Gana a yau, suna da kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba. Asibi ya warke, amma daga jininsa aka fara ware ƙwayar cutar. Aikin ya ci rayukan masu yin sa: Adrian Stokes ya rasu da cutar a Legas a wannan shekara, Hideyo Noguchi ɗan Japan ya rasu da ita a Akra a 1928, kuma har yau akwai cibiyar bincike mai sunansa a Jami’ar Gana. Daga wannan ƙwaya ta Asibi ne Max Theiler ya yi ta renonta har ta yi rauni, ya fitar da rigakafin a 1937, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1951. Shi ake amfani da shi har yau, an yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane cikin fiye da shekara tamanin, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ake sarrafa shi Cibiyar Pasteur ce da ke Dakar a Senegal. Da yana hana haihuwa, da ƙasashen da suka daɗe suna yi wa kowane yaro sun gani a gidajensu. Abin da ake cewa kawai shi ne mai ciki ta jinkirta, wadda aka yi wa kuma ta bari wata guda ya wuce kafin ta ɗauki ciki.

Saura Hajiya, kuma a nan ne nake so ka natsu sosai. Hawan jini shi kaɗai ba ya hana allurar, haka ma ciwon sukari da ake kula da shi. Shekarunta ne abin dubawa. Akwai wata illa mai wuyar aukuwa inda rigakafin kansa ke yi wa jiki irin ɓarnar da cutar ke yi, ko ya taɓa ƙwaƙwalwa. A cikin jama’a gaba ɗaya abin bai kai mutum ɗaya a cikin dubu ɗari ba, amma ga wanda ya haura shekara sittin kuma karonsa na farko ke nan, yakan kai ɗaya ko biyu a cikin dubu ɗari. Adadin ƙanƙane ne, kuma tsofaffi da yawa suna karɓar allurar lafiya lau, sai dai ya isa a ce likita ne zai yanke hukunci bayan ya gan ta. Abu na biyu shi ne ciwon gwiwar da ka ambata. Na sha ganin iyayenmu mata suna shan ƙwayoyin da aka haɗa musu a kemis wata da watanni, a cikinsu akwai firedinisolon ko dekisametason, waɗanda ke kwantar da ciwon amma suna danne garkuwar jiki, kuma wanda ya daɗe yana shan su da yawa bai kamata a yi masa rigakafi mai rai ba. Ka tattara duk abin da take sha, har da na ƙulli a leda da na gargajiya, ka zuba a jaka ka kai wa likita ya gani da idonsa.

Idan likita ya ga babu matsala, a yi mata da sauran kwanaki, kada a kai ƙurewa. Idan ya ga akwai, to doka da kanta ta buɗe ƙofa: zai rubuta takardar uzuri mai sa hannu da hatimi cewa akwai dalilin lafiya da ya hana a yi mata, a kai ofishin da ke bayar da katin su shigar da bayanin. Wannan takarda halal ce, amma ka san abu biyu game da ita. Ƙasar da za a shiga tana da ikon ta karɓa ko ta ƙi, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin Gana kafin ku kama hanya. Sannan takardar ba ta hana sauro cizo. Idan Hajiya za ta tafi a kan uzuri, sai an dage da tufafi masu rufe hannu da ƙafa, da safa, da man shafawa mai korar sauro da rana, da gidan sauro ko a barcin azahar, kuma ta tsaya cikin gari, ban da zuwa ƙauyukan da ke bakin daji. Idan kuma likita ya ce zaman ya fi mata, ka tafi a madadinta, ta yi wa amarya addu’a ta waya.

Ka ce ba ka son saɓa mata, kuma wannan hali ne mai kyau. Ina ganin abin da Hajiya take gudu shi ne allurar da take zaton za ta tayar mata da ciwo, ba wai tana sha’awar takardar ƙarya ba ce. Kada ka je mata da gardama a kan saiwar rawaya ko shawarar da ta yi tana budurwa. Ka ce mata, “Hajiya, kafin doguwar tafiya irin wannan ina so likita ya auna jininki ya duba magungunanki, idan ya ce allurar ba ta dace da ke ba, babu mai taɓa ki, takarda zai rubuta mana.” Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma da wuya uwa ta ƙi ɗan da ya zo mata da haka. Idan akwai ƙaninta ko wata aminiyarta da ta je Hajji aka yi mata irin wannan allura, ka nemi su sa baki.

Bayan allurar, wasu sukan ji ɗan zazzaɓi, ko ciwon kai, ko tsamin jiki na ’yan kwanaki, farasitamol ya isa. Idan zazzaɓin ya yi zafi sosai, ko ido ya canja launi, ko mutum ya fara ruɗewa cikin wata guda da yin ta, a tafi asibiti nan take a kuma faɗi ranar da aka yi allurar. Ka tuna kuma ba ta kare ku daga maleriya, don haka ku tafi da gidan sauronku. Duk wanda ya yi zazzaɓi a can ko cikin mako guda da dawowa, a gwada jininsa kafin a fara magani, a gaya wa likita inda kuka je, kuma a guji asfirin da ibuprofen har sai an san abin da ke damunsa, saboda suna ƙara zubar jini.

Nan da wata huɗu jaririyarku za ta cika wata tara. Ranar da za a kai ta allurar ƙyanda da shawara, idan maiɗakinka ba a taɓa yi mata ba, ta gaya wa ma’aikaciyar, domin a nuna mata inda za ta karɓi tata. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, a gaishe da Hajiya.